Babi na Biyar: Dokar Wa Ke Bin Jirgi a Tsakiyar Teku?

Duk lokacin da labari ya zo cewa wani jirgin ruwa ya nutse da jama'a, ko kuwa 'yan fashi sun hau shi sun yi awon gaba da ma'aikatansa, tambayar da takan fara fitowa daga bakin mutane ita ce, shin can tsakiyar teku akwai hukuma kuwa? Tambaya ce mai ma'ana, domin mutumin tudu ya saba da cewa kowace ƙasa da mai ita, kowace gona da iyakarta, kuma ko a ƙungurmin daji laifi ya auku akwai dagaci ko hakimin da za a kai wa ƙara. Amma ruwan da jirgi zai yi kwana da kwanaki yana tafiya a kansa bai hangi tudu ba, wa ke da shi, wane alƙali ne kuma zai saurari shari'arsa?

Masana sun daɗe suna juya wannan mas'ala, har ta zama fanni mai zaman kansa, mai usuli da rassa kamar kowane babi na fiƙihu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, da wuya a sami wani hukunci a cikin wannan fanni wanda ba wata musiba ce ta haife shi ba, saboda haka ɗalibin da ya haddace hukunci bai san sababinsa ba, da sauran karatu a gabansa.

Tuta

Babbar yarjejeniyar da ta raba teku kashi-kashi ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda aka sa wa hannu a garin Montego Bay na Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Bisa ga hukuncinta, ƙasar da ke bakin teku tana da mulki a kan ruwan da ke gabanta har mil 12 na teku, sai dai wajibi ne ta bar jiragen wasu su wuce muddin ba da mugun nufi suka zo ba. Daga gaɓa har mil 200 kifi da mai da sauran albarkatun ruwan nata ne, amma hanyar ta kowa ce. Abin da ya wuce haka kuwa babu ƙasar da za ta yi da'awar mallakarsa.

To, a can dokar wa ke aiki? Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun san irin wannan hali, domin tsakanin ƙasar wannan sarki da ta wancan akwai dajin da babu dogarin kowa a cikinsa, amma duk da haka ayari bai taɓa zama kara zube ba, tun da yake yana tafe da hukuncinsa: madugu ya ce a sauka a sauka, ya ce a tashi a tashi, rigimar da ta taso a zango kuma bisa al'adar garin da aka fito ake raba ta. Jirgin ruwa ma haka yake. Dole ne a rubuta shi a rajistar wata ƙasa, ya ɗaga tutarta, daga nan kuma dokarta na binsa duk inda ya sa gaba; ita ke da alhakin duba ƙirarsa da injinsa da cancantar matuƙansa, ita ke ba shi takardun shaida, ita ce kuma za ta yi bincike idan wani abu ya same shi.

Sai dai ayari ba ya zaɓen garin da zai ce daga can ya fito, mai jirgi kuwa yana zaɓen tutarsa. Attajiri na iya zama a Girka ko Japan, jirginsa na ɗauke da tutar Fanama ko Laberiya ko Tsibiran Marshall, waɗanda su ne suka fi kowa yawan rajista a duniya, matuƙansa 'yan Filifin ne da Indiyawa, kayan da ke ciki kuma daga Sin suka taso za su Ikko. Ofishin da ke tafiyar da rajistar Laberiya ma yana jihar Virginia ta Amurka ne. Har ƙasar da ba ta da teku shari'a ta ba ta haƙƙin bayar da tuta, kamar yadda Mongoliya ke yi, kuma Nijar da Chadi ma suna da wannan haƙƙi. Ba zan ce kowace irin wannan tuta abar zargi ce ba, amma idan ƙasa ta karɓi kuɗin rajista alhali ba ta da isassun sufetocin da za su duba jirgin, to, ta sayar da sunanta ne kawai, rayukan da ke cikin jirgin kuwa ba su da majiɓinci.

Layin lodi

Cutar da ta fi daɗewa tana hallaka matafiya a ruwa ita ce kwaɗayin lodi. Tun farkon ƙarni na 12 na miladiyya, Ibn Abdun, wani malami na Ishbiliya a ƙasar Andalus, ya rubuta a cikin risalarsa ta hisba cewa a hana masu fito cika jiragensu fiye da kima, musamman ranar da iska ke kaɗawa. A Ingila ta ƙarni na 19 kuwa al'amarin ya kai matuƙa wajen muni, domin wasu masu jiragen sukan ɗauki tsohon jirgi ruɓaɓɓe su yi masa inshora mai tsoka, su danƙara masa kaya, idan ya isa sun ci riba, idan ya nutse sun karɓi diyya. Matuƙin da ya sa hannu a kan aiki, ya ga halin jirgin ya ƙi shiga, shi ake kai wa kurkuku.

Wani ɗan majalisa mai wakiltar Derby, Samuel Plimsoll, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan zalunci, har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya yi ta ɗaga murya, sa'an nan a 1876 aka yi dokar da ta wajabta zana layi a jikin jirgi wanda ruwa ba zai haye shi ba. Amma a lura da wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya yi tsokaci a kansa: dokar ta bar wa mai jirgi ikon zana layin inda ya ga dama, sai a 1890 aka mai da tantance wurin hannun hukuma. Shekara goma sha huɗu ke nan ana da doka a takarda wadda ba ta hana mai son zuciya komai ba.

Yau wannan layi, wanda yarjejeniyoyin 1930 da 1966 suka mai da shi na duniya, yana nan a tsakiyar kowane babban jirgi, da'ira ce da layi ya ratsa ta, a gefenta kuma da wasu ƙananan layuka. Hikimarsu ita ce, ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, don haka jirgin da ya yi lodi a cikin kogi an yarda ya ɗan ƙara nutsewa, tun da zai taso idan ya fita teku. Wanda zai ratsa arewacin Atlantika da hunturu kuwa, inda igiyar ruwa ke hauka, dole ya rage kaya.

Daren 14 ga Afrilu, 1912

Jirgin Titanic ya tashi daga Southampton zuwa New York a tafiyarsa ta farko, ɗauke da mutum fiye da 2,200, ya ci karo da tsaunin ƙanƙara, ya nutse kafin wayewar garin 15 ga wata, mutum fiye da 1,500 suka rasu. Abin da ya fi ɗaure kai a wannan waƙi'a, ga mai nazarin shari'a, shi ne jirgin bai saɓa wa dokar kwalekwalen ceto ba. Ƙa'idar Ingila ta 1894 ta ce jirgin da ya wuce tan 10,000 ya ɗauki kwalekwale 16. Titanic, mai tan 46,000 da ɗoriya, ya ɗauki 20, waɗanda gaba ɗayansu mutum 1,178 kaɗai za su iya ɗauka. An ƙulla hukunci a kan girman jirgi maimakon yawan rayukan da ke cikinsa, zamani ya ci gaba, jirage suka ninka girma, hukuncin yana nan inda aka bar shi. Ga kuma wani jirgin, Californian, a kusa, amma mai kula da wayar iskarsa mutum ɗaya ne, ya kuwa riga ya kwanta; sai Carpathia ne ya taho daga nesa ya kwashi mutum wajen 700.

Daga wannan ne aka taru a Landan aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, wadda ake kira SOLAS a taƙaice, ta tanadi mazauni a kwalekwalen ceto ga kowane mutum, da sauraron wayar iska dare da rana, da sintirin lura da ƙanƙara wanda Amurka ke gudanarwa har gobe. Yaƙin duniya na farko ya hana ta aiki. Aka sabunta ta a 1929 da 1948 da 1960, sa'an nan a 1974 aka yi wadda ake amfani da ita yanzu, ta fara aiki a 1980, a ƙarƙashin kulawar hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau IMO, mai hedkwata a Landan.

Akwai wata dabara a cikin ta 1974 wadda a ganina ta fi yawancin ayoyinta muhimmanci. A dā ba a iya gyara ko harafi sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun aiko da amincewarsu a rubuce, gwamnatoci kuwa ba su da gaggawa, har gyaran ya tsufa bai fara aiki ba. Sai aka juya ƙa'idar: a sa wa gyara rana, idan ta zo ya zama doka, sai fa in fiye da sulusin ƙasashen, ko waɗanda ke da rabin jiragen kasuwancin duniya bisa ma'aunin tan, sun fito sun ce ba su yarda ba. Almajirin da ya karanta usulul fiƙihi zai tuna da bahasin malamai a kan ijma'in da ke ƙulluwa da shiru. Da wannan ne dokar ta sami damar tafiya tare da zamani.

Jirgi da mutanen da ke cikinsa

Ƙarfe da injin rabin al'amari ne, sauran rabin amanar mutane ce. A 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya taso daga Singafo da Penang da maniyyata aikin hajji kusan dubu; da guguwa ta tsananta, tukwanen tururinsa suka goce, ruwa ya fara shiga, sai kyaftin da matarsa da wasu manyan ma'aikata suka sauka a kwalekwale suka bar bayin Allah a ciki. Suka isa Adan suka ba da labari cewa jirgi ya nutse. Kashegari sai ga wani jirgin, Antenor, ya shigo tashar yana jaye da shi, alhazai na ciki da ransu. Hukuncin da kotun bincike ta yanke wa kyaftin shi ne dakatar da takardar shaidarsa shekara uku, wanda duk mai adalci zai ga bai kai girman laifin ba. Cancantar matuƙa ba ta sami ma'auni guda na duniya ba sai a 1978, da aka yi yarjejeniyar horarwa da ba da takardun shaida da tsarin gadi, wadda aka yi wa manyan gyare-gyare a 1995 da kuma 2010 a Manila.

Amma ko matuƙa sun ƙware, idan kamfanin da ke tudu ya yi sakaci fa? Ranar 6 ga Maris, 1987, jirgin fito Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam da ƙofar gabansa, wadda motoci ke shiga ta cikinta, a buɗe. Ruwa ya kwararo, ya kife nan da nan, mutum 193 suka rasu. Wanda ke da alhakin rufe ƙofar barci ya kwashe shi, kuma da an so a huta da sai a ɗora masa laifin duka a rufe magana. Mai shari'a Sheen, wanda ya shugabanci binciken, bai tsaya nan ba: ya gano cewa kyaftin ba shi da wata hanyar ganin ƙofar daga ɗakin tuƙi, cewa kyaftin-kyaftin sun riga sun roƙi a sa musu fitilar da za ta nuna an rufe ko ba a rufe ba, manyan kamfani suka yi watsi da roƙon. Wannan ne ya haifar da kundin tafiyar da jirage cikin aminci na 1993, wanda ya fara zama wajibi a 1998, ya tilasta wa kowane kamfani ya rubuta wa ke da alhakin me, ya kuma naɗa wani mutum a tudu wanda ƙorafin ma'aikatan jirgi zai bi ta hannunsa ya isa kunnen shugabanni kai tsaye. Ta haka shari'a ta bi sawun alhaki daga ɗakin tuƙi har ofis.

Idan mai tuta ya yi barci

A watan Maris na 1978 jirgin dakon mai Amoco Cadiz, mai tutar Laberiya, sitiyarinsa ya lalace, ya daki duwatsu a gaɓar Brittany ta Faransa, ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 220,000. Ƙasashen Turai suka ga cewa tuta tana can, ɓarna tana nan, don haka a 1982 ƙasashe 14 suka ƙulla alkawari a Faris cewa za su riƙa hawa jiragen baƙi da suka shigo tashoshinsu suna dubawa, su tsare wanda ya gaza har sai ya gyara, su kuma sanar da juna. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun ƙulla irin nasu a Abuja a 1999. Tsare jirgi hukunci ne mai zafi, domin kowace rana da ya yi a ɗaure hasara ce ga mai shi. Amfanin wannan tsari kuwa yana rataye ne a kan sufeton da ke hawa jirgin, iliminsa da tsoron Allahnsa. Idan ana iya sayen sa hannunsa, jiragen da wasu tashoshi suka kora sai su tattaru a tasa.

Sharrin mai nufi

Duk abin da ya gabata game da haɗarin da babu wanda ya nufe shi ne. Akwai kuma ɓarnar da mutum ke ƙullawa da gangan, ita ma da nata hukunce-hukuncen. Fashin teku tsohon laifi ne, irin wanda malamanmu ke bahasinsa a babin hiraba, kuma shari'ar duniya ta ba kowace ƙasa ikon kama ɗan fashin teku ta hukunta shi, ko wace tuta ya taɓa. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa uku: ya auku a wajen ruwan mulkin kowace ƙasa, ya zama don biyan buƙatar kai, kuma daga wani jirgi aka far wa wani.

A watan Oktoba na 1985 wasu 'yan bindiga huɗu suka ƙwace jirgin Italiya Achille Lauro a Bahar Rum, suka kashe wani dattijo Ba'amurke mai tafiya a keken guragu. Sun shiga ne a matsayin fasinja, manufarsu kuma ta siyasa ce, watau sharuɗɗa biyu sun faɗi. Don toshe wannan kafa aka yi yarjejeniyar Rum ta 1988, wadda ta ce ƙasar da irin wannan mai laifi ya faɗa hannunta ko ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka, da wanda aka kai wa jirgin dakon mai Limburg a gaɓar Yaman a 2002, aka ƙara kundin tsaron jirage da tashoshi, ISPS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2004. Shi ya kawo matakan tsaro uku, daga na kullum zuwa na lokacin da ake tsammanin hari, ya wajabta jami'in tsaro a jirgi da a kamfani da a tasha. A lokacin ne kuma aka wajabta wata ƙararrawa ta sirri wadda idan an danna ba ta yin ƙara a cikin jirgi, sai can a tudu ake samun saƙonta.

A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace don neman fansa a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. A Somaliya, inda hukuma ta rushe, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba jiragen yaƙin ƙetare izinin shiga ruwan ƙasar a 2008. A nan kuwa ƙasashe ne masu cikakken iko, harin da aka kai cikin mil 12 kuma shari'ar ƙasar ce kaɗai ke da hurumi a kansa. Shugabannin yankin sun ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa a Yawunde a 2013, amma Nijeriya ba ta sami doka ta musamman a kan fashin teku ba sai a 2019, kafin nan kuwa sojan ruwa na iya kama mutum, mai gabatar da ƙara ya rasa ayar da zai tuhume shi da ita. A ƙarƙashin sabuwar dokar ne Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta yanke wa mutum goma da suka ƙwace wani jirgin kamun kifi na Sin ɗaurin shekara 12 kowannensu a 2021.

Inda ake karatun, da inda dokar ta tsaya

Mai son zurfafawa a wannan ilimi zai ji sunan jami'ar da IMO ta kafa a Malmo ta Suwidin a 1983, da cibiyar shari'ar teku da ta kafa a Malta a 1988. A yankinmu kuwa akwai makarantar horar da matuƙa ta Oron a jihar Akwa Ibom, da jami'ar yanki ta Akara. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya riƙa ajiye rahoton binciken haɗari a gefen matanin doka yana karanta su tare, kuma kafin ya shiga ayoyin kowace yarjejeniya ya fara duba wa ta shafa, wa ta bari.

Domin SOLAS, duk da girmanta, ta shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa ne, na fasinja da na kaya masu tan 500 zuwa sama. Ta cire jiragen yaƙi da na kamun kifi da na katako masu ƙirar gargajiya, tafiyar cikin gida kuma ta bar wa kowace ƙasa. Ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin Joola na gwamnatin Senegal, wanda sojoji ke tafiyar da shi, ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife a gaban gaɓar Gambiya. An ƙera shi don fasinja 536. Adadin mamatan da hukuma ta bayar 1,863 ne, ya ɗara na Titanic, mutum 64 kacal suka tsira. Daga tashar gida ya tashi, tashar gida za shi, babu sufeton wata ƙasa da zai tare shi, mai jirgin kuma shi ne mai dokar.

Wannan giɓi shi ya fi shafar yawancin masu karanta wannan littafi, waɗanda ba teku suke ratsawa ba, Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da na Chadi suke ƙetarawa ranar kasuwa ko ranar biki, a cikin kwalekwalen katako da babu layin lodi a jikinsa. A babi na gaba za mu koma ga waɗannan ruwaye, mu ga abin da dokar Nijeriya ta ɗora wa hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedkwata a Lakwaja, da matsayin sarkin ruwa da masu fito a cikin tsarin, da kuma dalilin da ya sa rigar ceto da hana tafiyar dare suka gagara tabbata.